Sukuru Biyun da Na Kwance a Injin Malam Bukar

Ku da kuke gyaran waya a bakin tasha, ina jin hirarku, don kunnena bai tsufa ba ko da ido ya fara gajiya. Kuna cewa aikinmu na da wasa ne, manyan kaya, manyan sukurori, komai a fili kamar kayan keke. Ban ji haushi ba. Sai dai ku, in abu ya mutu, cirewa kuke yi ku sa sabo. Mu ba mu da sabo. Abin da ya mutu shi za ka lallaɓa ya tashi, ko ka ciro hanjin wani ka dasa masa. Zan ba ku labarin aiki ɗaya, amma sai na fara da inda na koyi riƙe sukundireba, in ba haka ba ba za ku gane ɓarnar da na yi ba.

Sunana Sale, amma a Haɗeja sai an ce Sale Mai Rediyo ake gane ni, ko da yake na fi shekara ashirin ban taɓa rediyon kowa ba. Bokona bai wuce aji huɗu ba. Kakannina da shanu suka zo ƙasar nan, ni kuwa ko akuya ban taɓa kora ba, a cikin gari na tashi, a cikin gari nake. Kano ma sau uku na taɓa zuwa, kuma duk ukun kwana ɗaya na yi na gudo gida.

Maigidana Malam Ado, Allah ya jiƙansa, rakoda yake gyarawa, irin mai cin kaset. Shekara biyu ina share masa tebur ina hura garwashin da yake ɗora ƙarfen dalma a kai, kafin ya bar ni na taɓa ko da murfi. Ranar da ya fara koya mini aiki, rufe mini ido ya yi da hularsa. Ya sa kaset, ya ba ni ƙaramin sukundireba, ya ɗora hannuna a kan wani ɗan sukuru da ke gefen hed, wato ƙarfen nan da zaren kaset ke goga yana fitar da sauti. Ya ce in juya a hankali har sai muryar ta washe. Na juya, murya ta dushe kamar mai magana a cikin tulu. Na komo baya, ta fito tar. Ya ce, "To ka gani. Duk rakodar da ta shigo shagon nan, kafin ta fita sai ka daidaita mata hed. Wanda bai yi haka ba bai gama aiki ba." Wannan magana ta shiga hannuna ta zauna. Ba sai na yi tunani ba, da na ga hed, yatsuna sun nufi sukuru.

Da kwamfuta ta shigo gari, masu buga takardu na bakin kotu da na kusa da sakatariya suka ajiye tafireta suka kama ta. Ba mai gyara musu, sai su kawo mini, tunda ni ne mai kwance abu ya mayar ba tare da sukuru ya yi saura ba. Ban san karatunta ba, kunne na sa mata. A lokacin komai a disket ake ajiyewa. Wasunku ba su taɓa ganinsa ba: ɗan faifai ne siriri, baƙi, a cikin gidan roba da bai kai tafin hannu ba. Injin da ke karanta shi iri biyu ne, akwai na cikin kwamfuta, akwai na waje mai wayarsa daban, wanda ake ɗauka a jaka. In injin yana lafiya, za ka ji yana tafiya tak, tak, tak, layi bayan layi har tamanin. In ya kasa karantawa, sai hed ya koma baya da gurnani, gurrr, ya sake gwadawa, ya sake komawa. Tun daga bakin ƙofa nake gaya wa mutum ciwon injinsa, ya ɗauka duba nake yi.

An yi shekaru ana kawo mini aiki daga Auyo, daga Jahun, har daga bayan Kirikasamma. Sai filas ya zo, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Ba a yi sallama ba, mutane dai suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya. Abokan sana'ata wani ya koma sayar da caja, wani ya tafi noman shinkafa. Ni na zauna. Duk injin disket na waje da aka yar, in tsince shi, in fasa ɓawonsa, don na ciki da na waje hanjinsu kusan ɗaya ne, baki ne kawai ya bambanta. Da su nake rayar da tsofaffin kwamfutocin da suka rage, na wani mai ɗab'in katin biki, da na wani tela mai keken surfani. Wani makon ba mai leƙowa sai mai tallar kunu.

Shekarar da ruwa ya shigo mana gari ita ce mummunar shekara. Kogi ya cika ya tumbatsa, shagona ruwa ya kai gwiwa. Kwamfuta ɗaya na iya ɗauka a ka na kai gida, ita ma ba injin disket a cikinta. Injinan da na tara a kwali a ƙarƙashin tebur, goma sha wani abu, duk suka sha laka. Da ruwa ya janye na buɗe su ɗaya-ɗaya, ba wanda ya yi ko tari.

A cikin wannan hali Malam Bukar ya zo. Mai buga takardu ne a bakin kotu tun zamanin tafireta, Babarbare, asalinsa wani ƙauye ne na masunta a bayan Kirikasamma. Ni Bafillace, shi Babarbare, kun san abin da ke tsakani, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Shekara biyu ke nan idonsa ya rufe gaba ɗaya. Matarsa Ya Fanna ce ta riƙo masa sanda, da buhu a kanta.

Tun kafin ya zauna ya ce, "Ina bawan nan nawa? Na ji warin nono, na san yana kusa."

Na ce, "Ga ubangidanka nan. Wa ya ba ka izinin shiga ba ka cire takalmi ba?"

Ya Fanna ta ce, "Ku dai ba kwa girma." Ta sauke buhun.

A ciki akwai 'yar kwamfutarsa ta ɗauka, wadda ruwa ya gama da ita, ko kallo na biyu ban yi mata ba. Akwai injin disket na waje, shi a jaka yake rataye a ƙusa, ruwa bai kai gare shi ba, sanyi kawai ya sha. Sai gwangwanin alawa cike da disket.

Malam Bukar ya daina wasa. Ya ce shekara da shekaru, duk zuwan da zai yi ƙauye, sai ya zauna da tsofaffin masunta, har da mahaifinsa, su faɗa masa sunan kowane tafki da kowace ƙorama, inda ta taso, inda ta faɗa, wane gida ne ke buɗe kamun kifi a cikinta, wane wata ake shiga. In ya dawo sai ya buga. Yanzu ciyawar kacalla ta rufe yawancin wuraren, yaran ƙauyen ko sunayen ba su sani ba, tsofaffin kuma duk sun rasu. Abin yana cikin disket uku, ya yi kwafi uku kuma don tsaro. Ya ce, "So nake in ji shi da kunnena sau ɗaya, in gyara abin gyarawa, a buga a kai ƙauye. Ban ce da kai ina da sauran lokaci mai yawa ba."

Na zazzage gwangwanin. Rabinsu sun lanƙwashe kamar ganyen da ya ji wuta. Ya Fanna ta sunkuyar da kai. Ta ce da ta ga sun yi laima, sai ta baza su a tabarma tare da shinkafar da ta jiƙe. Ba ita kaɗai ba ce, a shekarar nan har takardun makaranta da rediyo a rana aka shanya su, abin da muka iya ke nan. Allah ya taimaka rana ba ta gama da duka ba, waɗanda inuwar zana ta faɗa wa sun tsira. Kwafin ukun sun tafi. Na asalin uku suna nan, da lambarsu da ya rubuta da jan biro, sai wasu guda bakwai na takardun neman aiki da na ƙorafi da ya buga wa mutane.

Inji ɗaya ke nan a hannuna a duk garin, nasa. Bakin wayarsa kuwa ba ya shiga kwamfutata. Na fasa ɓawon na ciro hanjin. Bel ɗin da ke juya faifan ya narke ya zama kamar kwalta, na kankare shi da tsinke da sifirit, na sa masa na tsohuwar rakoda da na yanka na haɗa. Sai wayoyi. Nasa ashirin da shida ne, kwamfutata talatin da huɗu take nema. Yini biyu na yi ina bin su ɗaya-ɗaya da dalma, ina duba wani tsohon zane da na kwafa a bayan kwalin sukari tun shekarun baya. Na goge hed da auduga. Na kunna, faifai ya juya lafiya, ba rawa, ba ƙara.

Na sa wani disket nawa mai kyau da ke aljihuna kullum, don gwaji. Gurrr. Na sake. Gurrr. Na ce a raina, hed ya goce. A irin wannan inji, ɗan moton da ke tura hed yana zaune ne a kan sukuru biyu, in ka sassauta su ka murza shi kaɗan, hed ya matsa. Ban tsaya ba, ban tambayi kowa ba. Na kwance, na murza, na saurara, har ya kama tak, tak, tak, ya kai tamanin. Na ɗaure. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Sai na ɗauki disket ɗin Malam Bukar, mai lamba uku ne ya zo hannuna. Gurrr. Na ce ƙila datti ne. Na fitar, na hura, na mayar. Gurrr. Na bar shi yana ta gwadawa, na sake, na sake, ban ƙirga ba. Da na zare shi na ja ɗan murfin ƙarfen na ɗaga shi a haske, sai na ga zobe fari a jikin faifan, haske na wucewa ta ciki. Disket ɗin da ya sha laima fatarsa laushi take yi. Duk komawar da hed ke yi, kankare ta yake.

Da la'asar suka dawo. Na ce masa injin ya tashi amma disket ɗinsa sun ƙi. Ya yi dariya ya ce, "Ai dama haka suke, halin mai su gare su. Tun ranar da injin nan ya faɗo mini daga kan babur a hanyar Auyo, abin da ya rubuta ba ya buɗuwa a injin kowa sai shi. In zan je buga takarda a firinta, da shi nake tafiya a jaka. Shi ya sa na ce Fanna ta haɗo da shi."

Na ajiye sukundireban da ke hannuna.

Ya ce, "Ɗan Fillo, na ji ka ajiye kayan aiki. Ba halinka ba ne."

Na faɗa masa. Injin a karkace yake tun faɗuwar nan, a karkace ya rubuta komai, kuma a karkace kaɗai zai karanta. Ni kuma na miƙe shi. Na gaya masa zancen zoben da ke jikin na ukun, ban rage komai ba.

Ya daɗe yana murza kan sandarsa. Ya Fanna na kallon ƙasa. Can ya ce, "Za ka iya mayar da shi yadda ka same shi?"

Na ce, "Gyara aka koya mini. Ba a taɓa koya mini mayar da abu karkace ba. Kuma duk gwajin da zan yi, cin faifan yake."

Ya ce, "To ci na takardun neman aikin. Inji ɗaya ya rubuta su. Masu su wanda zai samu aiki ya samu, wanda bai samu ba ya haƙura."

Wannan dabara tasa ce, ba tawa ba, ina so ku sani.

Washegari na rufe ƙofar shago rabi, na roƙi mai niƙan da ke bayana ya ɗan jinkirta. Na duba da madubin ƙara girma, na ga inuwar tsatsa inda kan sukurun ya zauna shekaru. Ita ta nuna mini gefen da zan nufa, amma ba ta isa ba, don tazarar da ake magana ba ta kai kaurin gashi ba. Sauran aikin na kunne ne. In murza kaɗan, in ɗaure, in sa disket, in saurara. Gurrr tun daga farko, na yi nisa. Tak biyar sannan gurrr, na matso. Disket na farko ya mutu a hannuna kafin azahar. Na biyu ya kai ni tak ashirin. Wuta ta ɗauke, na zauna jiran ta, ba abin da zan yi sai kallon ƙadangare a bango. Rana ta biyu na wuce wurin ban sani ba, na koma baya, na cinye disket biyu a banza. Ba wanda ya shigo shagon a kwanakin nan, ba kuma wanda zan tambaya. Malam Ado ya daɗe a ƙasa, waɗanda suka san aikin sun watse.

Rana ta uku da hantsi, a kan disket na shida, ya tafi. Ina ƙirgawa da yatsu a gwiwata, arba'in, sittin, saba'in da tara, tamanin. Ban taɓa sukurun ba kuma. Ɗigon jan farce na sa a kansu don kada su motsa. Na sa na bakwai don in tabbatar, shi ma ya kai.

Sannan na ɗauko na ɗaya. Sau ɗaya tak na yi niyyar ya wuce a kansa, kai tsaye zuwa cikin kwamfuta. Ya wuce. Na biyu ya yi gurnani sau ɗaya a tsakiya, sannan ya ci gaba. Na uku ya tafi har inda zoben yake, ya tsaya. Na tsallake wurin na kwashe abin da ke bayansa.

Gidansu na nan bayan kasuwar kifi. Na kai abin da na kwaso wurin mai firinta aka buga mini a takarda, na riƙa zuwa bayan la'asar ina karanta masa a zaure. Karatuna kun ji irinsa, ina yi ina tuntuɓe. Shi kuwa yana kishingiɗe, yana tare ni.

"Ba Tafkin Bado ba, Tafkin Mai Bado. Bafillace ko sunan ruwa bai iya faɗa ba."

"Haka ka rubuta."

"To gyara. Ni na rubuta, ni na ce a gyara."

Wani wurin sai ya ce in tsaya, ya faɗi sunan tsohon da ya ba shi labarin, ya yi masa addu'a, mu shafa. Ya Fanna ta kawo mana ruwa da 'yar bandar kifi, ta tsaya daga bakin ƙofa tana ji. Kwana tara muka yi a kan na ɗaya da na biyu.

A na uku, ina cikin karanta labarin wata ƙorama da ake kira Bakin Giginya, rubutu ya yanke. Abin da ya biyo baya tarkace ne, alamomi marasa ma'ana, shafi da shafi.

Ya ce, "Ci gaba mana."

Na ce, "Nan ne wurin."

Ya tambaye ni kalmar ƙarshe kafin yankewar, da ta farko bayanta. Na faɗa masa. Ya ce, "Na babana ne. Ruwan gidanmu ke nan, daga Bakin Giginya zuwa Kwarin Kada." Ya gyara zama. "Kana da biro?"

Na ce rubutuna ba ya karantuwa.

Ya ce, "Wanda ya ɓata shi zai rubuta. Ɗauko."

Haka muka koma. Yana faɗa ina rubutawa a littafin 'yan makaranta, ƙorama bayan ƙorama. Wani wurin ya tuna tsaf, har da maganar mahaifinsa yadda ya faɗe ta. Wani wurin ya yi ta juya suna biyu a baki, ya ce in bar fili, zai tuna. Ƙarfinsa na raguwa, wata rana layi biyar za mu yi ya ce ya gaji. Mun cika shafi huɗu, da fili uku a ciki. Ranar wata Talata ya ce, "Daga nan ruwan ya rabu biyu, na hagun shi ne," sai tari ya sarƙe shi. Ya ɗaga mini hannu, alamar sai gobe. Kwana biyu bayan nan muka kai shi makwancinsa.

Bayan an share makoki Ya Fanna ta ɗinke takardun da zare da allura, ta sa shafukana huɗu a daidai inda suka dace. Ta ce ni zan kai, ita tana takaba. Na hau babur zuwa Kirikasamma, daga nan kwale-kwale, ina riƙe da gefensa da hannu biyu, mai tuƙin na yi mini dariya. Aka tara dattawan ƙauyen a gindin wata tsamiya, waɗanda ake kira dattawan ma duk ƙannen Malam Bukar ne. Limaminsu ya karanta. Da ya zo kan rubutuna ya kasa, ya miƙo mini. Na karanta musu har zuwa "na hagun shi ne", na tsaya.

Na ce, "Ko akwai wanda ya san sunan na hagun?"

Suka dubi juna. Wani ya juya ya kalli gabas, inda kacalla ta tsaya kore shar har iyakar gani. Na jira da biro a hannu har mai kwale-kwale ya aiko cewa rana na yi. Ba wanda ya sani.